Sifili Cikin Ɗari, Inji Mazan Unguwarmu

Jama'a, jiya an wanke ni tas a asibiti, kuma hular kaina ce ta jawo.

Watan jiya wasu masu girma, Allah ya ƙara musu sanyin mota, suka iso Kebbe da jibga-jibgan motoci fuɗu. Wai sun zo ƙidayar masu juna biyun da ke amfani da taba, ko giya, ko maganin tarin nan mai bugarwa. Madalla da aiki. Sai dai ko mace ɗaya ba su zo da ita ba, don haka ba mai shiga gida. Mu maza aka tara a gindin darbejiya, da lasifika.

"Malam Namadi, iyalinka na da ciki?"

Ga surukina zaune, gwiwarmu na gugar juna. Cikin matata Batula ko daga garin Fakku ana hango shi, amma ni zan faɗi wannan magana gaban mahaifinta? Na sunkuyar da kai na ce ban lura ba.

"Tana amfani da taba?"

Na ce, "Subhanallahi." Alhali ƙullin garin tabar da ta aike ni in sayo yana aljihuna, ina ta danne atishawa. Tun shigar cikin, in ba ta cusa shi a leɓe ba, wai zuciyarta tashi take.

Haka muka amsa mu arba'in. Aka tafa, aka raba mana huluna, aka buga rahoto: sifili cikin ɗari.

To jiya na kai Batula awo. Malama Hamdiya, ungozomar asibiti, ta auna ta ɗaure fuska, ta ce ɗan ba ya girma yadda ya kamata. Ta duba leɓen Batula, sannan ta dubi hulata.

"Ashe kai na cikinsu," inji ta. "Da an shirya mu bi gida-gida muna faɗakar da mata kan wanga abu. Don sifilinku anka soke."

Ɗana ne fa, na fari.

Daga nan na zarce wajen mai taba, in gaya masa ko kuka na zo ina yi kada ya ƙara sayar mini. Na tarar da layi. Duk 'yan hula ne, kowa na kallon sama kamar mai duban wata, surukina kuwa shi ne na uku daga gaba.

Takardar da ake ƙulla musu garin kuwa, rahoton masu girma ne. Ba laifi, shi dai ya samu shiga gida.