Rasuwar Takardar Ƙetaren Labbo na Sabiyal

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya ƙi sauka tun ranar Litinin, Labbo mai albasa na Sabiyal ta ƙasar Aliero yana sanar da dangi da abokan tafiya na Jega da Maiyama, da duk wanda labarin ya iske, rasuwar takardarsa ta ƙetare iyaka. Ta rasu da hantsi, a ɗakin mahaifiyarsa, cikin tasar ruwa, tana da damina uku a duniya. Ba ya gida lokacin da abin ya faru.

An haifi marigayiyar a Birnin Kebbi, bisa teburin akawu, bayan Labbo ya kwana tara gindin ɗurumi yana jiran a kira sunansa. Akawu ya dube shi daga sama har ƙasa, ya rubuta abin da ya gani: dogo, tsage uku a kowane kunci, tabo a girar hagu. Aka dangwala babban yatsansa a tawada aka danna. Bature ya ɗaga hatimi ya buga, dam. Wannan shi ne kukanta na farko. Daga baya Kumandan na Faransi ya ƙara mata nasa hatimin, shuɗi, a kusurwar ƙasa. Labbo yana iya jan ajami daidai gwargwado, amma bai taɓa karanta ko harafi ɗaya a jikinta ba. Ita dai ta san shi.

Wanda ya yi tafiya da ita zai shaide ta. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Sau goma sha huɗu ta kai shi ƙasar Faransi da mangalar albasa, ta dawo da shi da gishirin Foga. A mashigin da ke gaba da Kamba akwai gardi, sojan Faransi mai jar hula da bindiga, wanda ba ya amsa sallama. Nan Labbo yake rufe bakinsa, ya buɗe ta, ita ta yi magana. Tana da murya siririya idan an warware ta, ƙaras-ƙaras, kamar busasshen ɓawon albasa. Da ta manyanta muryar ta yi laushi, amma gardi bai daina jinta ba. Yakan dubi takarda, ya dubi girar hagu, ya kauce.

Labbo ya ga abin da ke samun wanda ya je babu irinta. A zaunar da mutum a rana, yamma ta yi a jera shi da wasu cikin igiya, a kai su ɗaukar dutse inda ake gina hanyar Doso. Wasu kan dawo bayan kaka. Wasu har yau danginsu suna tambayar fatake.

Da marigayiyar ya raka ɗiyarsa ta fari, Tasalla, gidan mijinta Surajo, ɗan abokin cinikinsa, a wani ƙauye bayan Gaya ta ƙasar Faransi. Da ita yake zuwa ganinta duk bayan wata uku, ya kwana biyu ya juyo. Sati biyu da suka wuce wani mai gishiri ya kawo saƙo: cikin Tasalla ya shiga wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura, an kuma ɗebi Surajo aikin hanya, babu kowa a gidan sai tsohuwar uwarsa. Haihuwar fari a gidan uba ake yinta. Aikin Labbo ne ya je ya ɗauko ta kafin ruwa ya sauka ya cika fadamu.

Ga yadda ajali ya zo. Kuben jar fata da takardar ke kwana ciki ya warware a baki. Labbo ya ce ba zai yi wannan tafiya da kube ɓararre ba, sai ya kai wa Barau baduku a Jega. Ya rasa inda zai ajiye takardar tsirara, ga awaki, ga gara. Ya kai ta ɗakin mahaifiyarsa, Inna Tamu, ya sa cikin ƙwarya, ya rufe da faifai.

A nan ya wajaba Labbo ya faɗi nasa laifin. Shekara uku yana cika wa tsohuwar kunne da labarin takardar, yadda mai bindiga ke kauce mata, yadda ba a taɓa tsayar da ita ba. Inna Tamu ta saurara, ta riƙe. Ta ga rubutun malamai iri-iri, ba ta taɓa ganin wanda soja ke ba hanya ba. Ga jikanyarta can da nauyin ciki. Ta yi alwala, ta yi bismilla, ta wanke takardar cikin tasa a hankali, gaba da baya, yadda ake wanke allo. Ta tace ruwan ta ɗura a ƴar gora, ta toshe. Sannan ta shanya takardar bisa danga, don ta bushe a sake rubutawa.

Da la'asar Labbo ya shigo da sabon ɗinki a hannu, ya iske gawar tana kaɗawa. Babu suna, babu yatsa. Hatimin Bature da na Kumandan sun narke sun zama tabo ɗaya. Ya ɗauke ta, ba ta yi ƙaras ba. Ya zauna a ƙasa.

Tsohuwar ta fito ta tsaya kansa. "Labbo, mi kaka yi ma zaman ƙasa? Takarda ɗai ta mutu. Rubutun shina nan cikin gora, ban zubar da ko ɗigo ba. Ka kai ma yarinyag ga ta sha ran naƙuda."

"Inna, da mi zan wuce in kai mata?"

"Kai da kac ce min ba a tsai da rubutun ga?"

Ya karɓi gorar. Uwa ce, kuma don Tasalla ta yi.

An yi iya ƙoƙari. Ya kai gawar Birnin Kebbi, akawu ya ɗaga ta a hasken taga ya ce wannan ba takardar kowa ba ce. Sabuwa sai da hannun Bature, Bature kuwa ya fita rangadi, ba a sa ransa sai bayan kwana arba'in. Kafin nan ruwa ya zuba, kuma mai ciki wata tara ba ta hawa jaki. Jibrin na Maiyama, abokin tafiyarsa, ya zo gaisuwa ya ajiye tasa takardar a gabansa.

"Ɗauki, Dogo. Gardin ga ai bai iya karatu ba, juya ta ɗai shika yi."

"Bai iya karatu ba, amma ya iya duban mutum. Kai da ba ka kai min hammata ba, ga giɓi."

"Sai ka duƙa, in cire maka haƙori."

Suka yi dariya kaɗan. Jibrin ya maida takardarsa aljihu, dariyar ta ƙare.

Marigayiyar ta bar kube ɗaya mai sabon ɗinki, wanda babu mai shigarsa. Ta bar igiyar wuya da ta sha zufa, da jaki da har yanzu yake tsayawa da kansa in ya ga jar hula. Ta bar gora ɗaya. Ta bar mutum guda, wanda a Sabiyal kowa ya san ubansa da kakansa, amma daga mashigin Kamba zuwa gaba babu mai shaidarsa.

Za a binne ta ranar Alhamis bayan la'asar, gindin tsamiyar bayan gida, naɗe cikin farin ƙyalle. Ba za a yi mata salla ba, don ba ta cikin masu rai, amma wanda ya zo za a ba shi ruwa. Ana roƙon masu gaisuwa kada kowa ya yi wa Inna Tamu magana mai zafi.

Ba za a yi zaman kwana uku ba. Mai makokin zai tashi Juma'a da safe, ya bi burtalin makiyaya inda babu mashigi, da jakinsa, da gorar rataye inda takardar take kwana. Tsohuwar ta matsa ya sha rabi don idon gardi ya kauce masa. Ya kurɓi maƙwarwa ɗaya don kada ya saɓa mata. Ɗaci gare shi. Sauran na Tasalla ne.

In Allah ya so, cikin kwana goma za a gan su su biyu, ita bisa jaki, shi a ƙasa. In kwana goma suka wuce, ana roƙon fataken gishiri su riƙa duban masu ɗaukar dutse a hanyar Doso. Duk wanda ya ga dogo mai tsage uku a kowane kunci da tabo a girar hagu, Labbo ne na Sabiyal. Kada ya tsaya yi masa jaje. Ya karɓi gorar, ya kai wa Tasalla, ya ce mata kakarta ce ta aiko.