Ranar Da Na Shiga Raba Faɗan Ma'auratan Ƙarya

Ko zan manta da komai na zaman New York, ba zan taɓa mantawa da abin da Bashir ƙanin matata ya yi mini ba: ya ƙwace mini kujerar sulhu a masallacinmu, yana murmushi yana ce mini Yaya.

Ni direban tasi ne, karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya a Zariya, kuma ba na ɓoyewa. Amma tun zuwana Bronx, duk auren da ya fara tangal-tangal daga Concourse Village har Parkchester, ni ake kira. 'Yan Najeriya, 'yan Nijar, mutanen Zango na Gana, kowa ya san lambata. Aikina ba ja-in-ja: in zaunar da miji da mata, in ji ta bakin kowa a taƙaice, in gaya wa mai laifi laifinsa, in ce a yi haƙuri, a shafa fatiha, a kawo shayi. Wasu sun zauna lafiya. Wasu sun rabu kafin wata ya ƙare (wannan kuma ƙaddara ce, ba ni ba).

Sai ga Bashir. Ni na ɗauko shi daga filin jirgi da jaka ɗaya, a falona ya yi ta kwana har ya gama digiri. Yaron da ko budurwa ba shi da ita! Kwatsam aka ce ya sami gurbin mastas a wata jami'a a Manhattan, wai zai koyi gyaran aure da zaman iyali. Na yi dariya har da hawaye. Dariyar ta tsaya ranar da liman ya ja ni gefe bayan Juma'a ya ce, "Malam, maganar gidan Alhaji Ɗanjuma, bari mu ji shawarar Bashir, tunda abin da yake karantawa ke nan."

Daga nan wayata ta yi shiru. Mata suka riƙa cewa, "Ai shi Bashir yana saurarar mutum." To ni kurma ne? Wallahi in na gan shi da jakar goyo da kofin kofi a hannu, sai in ja tsaki in canza hanya.

Na ce tunda takarda suke girmamawa, ni ma zan je in karɓo. Na ji Bashir yana gaya wa yayarsa, wato matata Maman Amira, cewa akwai ranar da makarantar ke buɗe ƙofa ga masu son shiga. Ban gaya wa kowa ba. Na saka babbar riga, na kafa hula, na tafi. Neman wurin fakin ya sa na makara.

Matar da ke teburin karɓar baƙi ta tambaye ni a wace jami'a na yi digirin farko. Na ce mata ni auren da na gyara ya fi gashin kanta yawa. Ta yi murmushi irin nasu na Turawa, wanda haƙora kawai ke yi, ta ce sai da digiri, sai malamai sun shaide ka, sai an yi maka intabiyu. Amma in ina so in hau sama, ana nuna wa baƙi yadda ake aikin.

Na hau. Dogon baranda, ƙofofi duk iri ɗaya, ba kowa. Sai na ji hayaniya daga wani ɗaki, mace na kuka, namiji na ɗaga murya. Jama'a, wanda ya saba da wannan aiki ba ya jin irin wannan ya wuce. Na tura ƙofa.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne. Wata baƙar Ba'amurkiya a kujera ɗaya, wani mai gemu a ɗaya, ga kujera ta uku ba kowa, kamar ni take jira. A bango akwai ƙaton madubi da wayar tarho. Na ce a raina: ka gani, sun bar mutane suna neman kashe juna, sun tafi shan kofi. Yau zan nuna musu aiki, su ba ni gurbin nan ko ba digiri.

Kafin in zauna na matsa jikin madubin na gyara hula. Na wage baki na cire goron da ya maƙale mini a haƙori da farce (ku riƙe wannan, don ni har yanzu shi ke hana ni barci).

Na zauna na fara da Turancina na tasi. Na tambaye su ina iyayensu, suka kalli juna. Matar ta ce mijin ba ya jin maganarta. Na ce, "Ke, rufe baki tukuna, babba na magana." Mijin ya ce ita kullum cikin ƙorafi take. Na ce, "Kai ma ba ka da kunya, tashi ka ba ta haƙuri." Ya tashi kuwa! Sai kaina ya kumbura. Matar ta dube ni ta ce, "Kai a gidanka haka haƙurin yake aiki?"

Nan Shaiɗan ya kama harshena. Na ce a raina ai waɗannan ba su san ni ba, ba su san masallacinmu ba. Na ce mata, "Ni da kike gani, tun azumin bara matata ba ta yi mini magana sai ta bakin 'yarmu. A kujerar falo nake kwana. Abincina a firji nake tarar da shi kamar na ɗan haya. Na mutu? Wannan shi ne aure!" Ban tsaya nan ba. Na ce akwai wani ƙanin matar tawa a makarantar nan, gwauro, ko ƙwai bai iya soyawa ba, wai shi zai gyara auren mutane.

Sai wayar bango ta yi ƙara.

Suka ce in ɗauka. Na ɗauka da isa, na ce halo. Sai na ji Hausa, a hankali, kamar mai gaisuwar mutuwa:

"Yaya, Bashir ne. Don Allah ka dakata. Muna ganinka ta madubin nan, kuma muna jinka."

Ashe madubin ta gefena ne kawai madubi. Ta can baya taga ce. Baƙi cike da ɗaki, da farfesar su Bashir, da lasifika. Ma'auratan ɗalibai ne, wasan kwaikwayo suke yi. Kujerar da na haye ta Bashir ce: haka tsarinsu yake, mai sulhun yakan fita tsakiyar zama ya yi shawara da malamarsa ya dawo. Su kuma da suka ga na shigo da babbar riga, suka ɗauka ina cikin shirin.

Farfesar ta shigo, wata tsohuwa mai farin gashi, ta gode mini, ta tambaye ni yaya nake ji a zuciyata. Ban jira lifta ba, ta matakala na sauka ina tattare riga.

Na koma gida ina jiran ƙarshena. Na san labari zai kai wajen Maman Amira, daga nan wajen liman, daga nan har Zariya. Mai gyaran aure a falo yake kwana! Juma'a ta zo ta wuce, shiru. Wata ta zo, shiru. Kowa na gaishe ni yadda ya saba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo, domin da ni ne na ji irin wannan a kan wani, kafin la'asar an ji a Staten Island.

Na tare shi a ƙofar masallaci na ce me yake jira.

Ya ce, "Yaya, abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita. Shi suka fara koya mana. Ni ba zan iya yi muku sulhu kai da yayata ba tunda ku 'yan uwana ne, amma akwai wani da ya gama karatun nan, mutumin kirki ne, in kuna so."

Na dube shi sama da ƙasa, da jakar goyonsa. Na ce, "Bashir, saurara. Kujerar na bar maka, ba don ka fi ni sanin aure ba, sai don ka fi ni iya kama baki, kuma wannan ma haushinsa nake ji. Ka yi aure, ina nan ina jira, ranar da aka miƙo maka filo aka nuna maka falo, ni zan zauna bayan madubin da shayina. Lambar mutumin nan kuma, ka tura wa yayarka. In ka ce ni na ce, ban yafe ba."