Ranar da Na Buɗe Tumbina a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran ranakun duniya. Har yau idan ta faɗo mini a rai nakan rufe fuska da hannu, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Kazaure, amma haifaffen Roni. Ƙiba tun ina yaro nake tare da ita, sai dai bayan na yi aure ta wuce abin da ake yi wa barkwanci. 'Yan acaba idan suka hango ni a bakin titi sai su kawar da kai kamar ana kiransu a wancan gefen (ban taɓa ganin laifinsu ba). Ciwon siga ya kama ni, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyina suka fara ƙara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne numfashina yakan tsaya idan ina barci. Matata Hajara ta gaya mini ta daina barci mai nauyi, sauraro take yi, idan ta ji shiru ta girgiza ni. Na bar shinkafa, na sha jiƙe-jiƙe iri-iri, na yi ta zagaye bakin dam da sassafe ina haki. Sai in ragu kaɗan, in dawo har da ƙari. Ranar da na hau sikelin asibiti ya kai ƙarshensa bai gama da ni ba, likita ya ce in tafi Kano in ga masu tiyatar rage ƙiba.

Da yayana, Yaya Sale, muka tafi. Shi ɗan kasuwar hatsi ne a Babura, kuma duk abin da ya shafi asibiti ni yake bar wa, tunda ni ne ɗan boko. Likitan da muka gani mutum ne mai sanyin magana. Ya zana mini hanyoyin a takarda. Ya ce akwai wadda ake cire mafi yawan jakar abinci a bar ta siririya kamar ayaba, akwai kuma wadda ake ware ɗan ƙaramin sashe daga sama a haɗa shi da hanji kai tsaye. Ya ce yawanci ba a tsaga ciki, 'yan ƙananan huji ake yi a zura kyamara da kayan aiki. Bai ɓoye mini haɗarin ba, ya ambaci zubar jini da yoyon ɗinki, ya kuma ce zama a yadda nake shi ma haɗari ne babba.

Ina ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Gaskiyar magana kuwa, tun daga kalmar “cirewa” kunnuwana suka toshe. Bakinsa kawai nake gani yana motsi. Ba abin da nake hangowa sai kaina a miƙe, an rufe ni da farin mayafi, 'ya'yana suna tsaye a ƙofar gida suna jiran motar da za ta kawo ni.

Da aka auna jinina aka ga ya hau sosai, sai aka ba ni gado don a saukar da shi a kuma yi gwaje-gwaje. Ranar Talata da yamma, Yaya Sale ya fita salla, likitan ya zo ya yi mini dogon bayani. Abu uku na tsinta a ciki: kada in ci komai, gobe da safe za a shiga da ni, za a yi mini allurar barci. Ya tambaye ni ko ina da tambaya. Na ce babu (ni da nake yi wa ɗalibai faɗa kullum a kan rashin yin tambaya).

Yana fita na kira Hajara na nemi yafiyarta, na ba ta amanar yara. Ta yi ta kuka, ni ma na taya ta. Na kira shugaban makarantarmu na ce a nemi wanda zai riƙe ajina, don ban san yadda hali zai yi ba. Da Yaya Sale ya dawo na ce masa gobe ne aikin. Ya zauna a bakin gado ya yi mini addu'a.

Da safe aka tura ni a kan gado mai taya. Ina kallon fitilun silin suna wucewa. Ɗakin da aka shigar da ni sanyi ƙalau, amma zufa ta jiƙa mini riga. Aka kwantar da ni a gefen hagu, aka fesa mini wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, aka sa mini wata roba tsakanin haƙora. Na so in yi kalimar shahada, robar ta hana leɓena haɗuwa. Nan tsoro ya kai mini iyaka. Na yi ta a zuci, ina maimaitawa da sauri don kada allurar ta riga ni.

Na farka a gadona, maƙogwarona yana zafi, cikina a kumbure. Na ga fuskar Yaya Sale, na gane ina duniya. Na ce masa da ƙyar, “Yaya, an yi. Allah ya tsallakar da ni.” Ya ɗaga hannu ya yi godiya, ya fita da waya a kunne.

Ban yarda na taɓa cikin ba, ban ma yarda na kalle shi ba. Na kwanta a sandare ina numfashi kaɗan-kaɗan don kada ɗinki ya ɓalle. Wata nas ta zo ta ce idan an jima zan iya shan shayi in ɗan taka. Na bi ta da ido ina mamakin sakaci irin na ma'aikatan zamani. Abin kunyar ma, har na fara jin jikina ya yi sauƙi.

Bayan la'asar mota cike ta iso. Ga Hajara, ga gwaggonnina biyu daga Roni da kuloli, ga maƙwabta. A bayansu kuma sai ga surukina, mahaifin Hajara, dattijo ne daga Gwiwa wanda tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ana tsakiyar yankan gero ya bar gona ya taho. Aka ba shi kujera daf da gadona, ya yi mini addu'a mai tsawo. Ɗaya daga cikin gwaggonnin ta ƙura mini ido ta ce wallahi har na faɗa, kumatun nan sun ragu. Na lumshe ido na amsa da ɗan nishi.

Ana haka likita ya shigo. Ya nemi a ba mu wuri, na ce ya faɗi kawai, duk 'yan gida ne. Ya ce sun ga ɗan gyambo a jakar abincin, za a ba ni magani in sha ya warke, daga nan sai a sa ranar aiki.

Kowa ya juyo yana kallona. Na ce da muryar marar lafiya, “Likita, wane aikin kuma, bayan na ɗazu?”

“Malam, ai leƙawa kawai muka yi da kyamara ta baki,” in ji shi. “Jiya na yi maka bayani. Ba a taɓa ka da wuƙa ba.”

Da mai hankali ne da ya yi shiru a nan. Ni kuwa sai na ce ina jin zafin ɗinkin, ko dai ya ɗauke ni wani ne. Don in kafa masa hujja na ture bargo, na yaye rigata har wuya.

Babu filasta, babu huji, babu ko ƙwarzane. Tumbi ne kawai, cikakke, yana sheƙi a ƙarƙashin fitila. Ban ma tsaya nan ba, sai da na sa hannu biyu na ɗaga shi ina leƙa ƙarƙashinsa ko hujin ya ɓuya. A lokacin na tuna wanda ke zaune a kujerar.

Surukina ya riga ya juya fuskarsa ga bango. Ya ce a hankali, “To, alhamdu lillahi tunda lafiya. Rufe jikinka, ɗana.” Ya laluɓi sandarsa ya fita, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Hajara ce kaɗai ta tsaya, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa saboda dariya.

Bayan wasu watanni aka yi aikin na gaske, irin na ayabar. Wannan karon likitan bai bar ni na tashi ba sai da na maimaita masa duk abin da ya faɗa, kamar ɗan aji ɗaya. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan. Na fito lafiya, na yi makonni a kan ruwa-ruwa, kuma har gobe ina shan ƙwayoyin ƙarin sinadarai, ina cin abinci loma-loma. Sigar ta sauka, numfashina ya daidaita. Yaya Sale kuwa ya ƙi kiran kowa sai da ya ga filasta da idonsa, a Roni ma ba a gaskata ba sai da riguna suka fara yi mini yawa.

Abin da na koya shi ne, tsoro ba ya hanuwa, amma ana iya roƙonsa ya jira likita ya kai ƙarshen magana. Kuma duk ƙarfin hujjarka, kafin ka ɗaga riga ka fara duba su wa ke cikin ɗakin.