Risibar Yaya Ta Cika da Sha Biyun Rana

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, ni da iyalan marigayi yayana muke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da gidaje ɗari da arba'in da biyu da wayarmu ta shiga falonsu, rasuwar risibarmu, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Litinin da ƙarfe goma sha biyu da minti tara na rana, a kan kantarta, a ɗakin aikinmu da ke bakin gida. Shekararta goma sha ɗaya. Ba ta yi jinya ba, kuma ina tsaye a kanta.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiya baƙar na'ura ce mai faɗin tire, da ƙaramar fitila ɗaya a goshi. Dish ɗin da ke kan rufinmu shi ke kamo tashoshin wasanni daga tauraron ɗan'adam, a kulle. Ita ke buɗe su, ta miƙa wa wayoyin da suka bi katanga-katanga har cikin gidajenku. Ana buga ƙwallo a wata nahiya, bayan teku, ku kuna zaune a kan kujerunku kuna zagin alƙalin wasa. Duk ita ce.

Babban abin da za a shaide ta da shi, 'yar halak ce. Yaya, Allah ya jiƙansa, wata goma sha huɗu ya yi yana yawon takardunta, har takalminsa ya buɗe baki. Ya samo lasisi daga kamfanin da ke da tashoshin a can ƙasarsu, ya samo izini daga hukumar nan, ya sa duka biyun a gilashi ya rataye. Lambar da ke bayan marigayiya ita aka rubuta a jikin lasisin, don haka takardar ba ta aiki da wata na'ura sai ita. Shekarar da jami'ai suka bi layinmu suna kwashe akwatunan sata a buhu, sun shigo wurinmu. Babbansu ya karanta takardun tun daga sama har hatimi, ya ce, "Ashe akwai irinku." Ya ja benci ya kalli rabin wasan da ya rage.

Ba ta da surutu. In an kunna ta sai ta ce ƙit, fankar cikinta ta ɗauki shuuu, can kuma ta ce tit, tit, fitilar ta koma kore. Iyakar maganarta ke nan, shekara goma sha ɗaya. Amma ba a riga ta labari. Gidajen da ke kan wayarmu su ke fara ihu in an ci, masu kallo a wayar hannu da masu akwatin sata sai bayan rabin minti hoton zai iso musu. Telan bakin kwana, wanda bai taɓa yarda ya ja wayarmu ba, ya sha tare ni yana cewa, "Auta, ka gaya wa mutanenka su riƙa haɗiye murnarsu. Ina ganin ƙwallo a tsakiyar fili, na riga na san an ci mu."

Ta rasu ta bar dish ɗinta a kan rufi, yana nan yana kallon wuri ɗaya a sama, ba wanda ya gaya masa. Ta bar rimot, wanda lambar bakwai ta goge a jikinsa. Ta bar fankar tebur da ta yi shekara tara tana mata fifita. Ta bar sitabilaiza mai daidaita mata ƙarfin wuta, wadda nake so in wanke a bainar jama'a, domin kwana huɗu ke nan ana zaginta a kan laifin da ba nata ba.

Tun ranar Litinin, duk wanda ya leƙo ya tambaya, cewa nake wuta ce ta ɗauke ta dawo da ƙarfi. Ba haka aka yi ba.

A ƙarƙashin agogon ɗakin aiki akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai guntun kwali. Gefe ɗaya an rubuta ƊAYA, ɗaya gefen BIYU, da hannun Yaya. Mutanen can ƙasar kamfanin suna da wata ɗabi'a: sau biyu a shekara sai su taɓa agogonsu, su tura shi gaba da awa guda, bayan wata bakwai su dawo da shi. Rana ba ta canza komai ba, su ne dai suka ga dama. To wata biyar suna gabanmu da awa ɗaya, wata bakwai da awa biyu, kwalin nan kuma shi ke tuna mana inda aka kwana. Yaya ke juya shi. Da ya rasu, shekara huɗu da suka wuce, aikin ya dawo hannuna.

Gaskiya dai ba hannuna ya dawo ba. Matar Yaya, wadda nake kira Anti, ba ta kallon ƙwallo, ba ta san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, amma ba ta taɓa manta makon juya kwali ba. Sai ta tsaya a bakin ƙofa da bokiti a hannu ta ce, "Auta, ka juya kwalin yayanka?" Sau bakwai ta yi mini wannan tambaya. A ta bakwai ɗin akwai mutane a ɗakin, wani ya yi dariya, ni kuma kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Anti, shekara nawa ina aikin nan? Ki riƙa bari na mana, ni ba yaro ba ne." Ta ce, "To, Allah ya ba ka haƙuri." Ta ɗauki bokitinta. Da lokacin na takwas ya zo, ba ta ce komai ba, kamar yadda na nema.

Makon jiya kamfani ya aiko da saƙo. Ranar Litinin da ƙarfe biyu, agogonsu, za su turo wa marigayiya sabon makulli ta sama, aikin minti arba'in, kada a kashe ta ko me ake ciki. Na ɗaga kai na dubi kwali, ya ce ƊAYA. Na ce ƙarfe ɗayanmu ke nan. Ban san ranar Lahadi sun taɓa agogonsu ba, ga shi makon hutu ne, babu wasan da zai fara da wuri ya tona mini.

Akwai kuma wata ƙa'idar Yaya da ban taɓa karyawa ba: kullum da sha biyun rana, lokacin da babu wasa, a kashe Tsohuwa ta huta minti goma sha biyar. Ranar har da jin daɗina. Na ce bari ta huta sosai, baƙi na zuwa da ƙarfe ɗaya. Na makara da minti tara ina amsa waya. Na miƙa hannu bango ba tare da na kalli allo ba. Yatsana na kan makunni na hango fitilar, ba kore ba ce, rawaya ce tana ƙiftawa. Yatsan ya riga ya isa.

Na jira minti goma sha biyar ɗin cif, ban san dalili ba. Na kunna. Ta ce ƙit. Fanka ta ɗauka. Na tsaya jiran tit, tit. Har la'asar ina tsaye.

Mai gyara ya zo washegari, ya kwance ta a hankali, ya shinshina, ya haska. Ya ce, "Jikinta lafiya lau, ko waya ɗaya ba ta ƙone ba. An kwashe mata tsohon hankali ne, ba a gama zuba sabo ba. Me ya same ta?" Na ce wuta. Ya dubi sitabilaiza, ya dubi baturan da ke ƙasan kanta, ya dube ni, ya ce, "To." Yana ɗaure jakarsa ya ga takardar hutun sha biyu manne a bango, ya ce, "Wai wa ya ce muku na'ura tana bukatar hutu?" Na ce Yaya ne. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Mutane suna ta tambayata yaya na ji. Ban ji komai ba. Ranar na ci abincin dare har na ƙara. Haka ma ranar da muka binne Yaya, muna dawowa na wanke ƙafa na shiga na kunna Tsohuwa, saboda akwai wasa da ƙarfe huɗu kuma mutane na jira. Ban yi kuka ba a lokacin. Yanzu ma ban yi ba. Ina dai zuwa da safe in goge kantar, in zauna, fankar tebur tana fifita wurin da babu kowa.

Kamfani ya aiko da fom. Tun bayan rasuwar Yaya lasisin da suna biyu yake, nawa da na Anti, don haka sai mun sa hannu mu biyu. Tambaya ta uku ita ce musabbabin rasuwa. In wuta ce, cikin mako guda za su aiko da sabuwa su mayar da lasisin kanta. In hannun mai kula ne, sai sun sake duba ko mun cancanci riƙe tashoshinsu, mako shida ko takwas, kuma suna iya cewa a'a. Na rubuta wuta. Ranar Laraba na kai wa Anti, na tarar tana guge kayan makarantar 'ya'yanta. Ta jingine dutsen gugar, ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa.

Ta ce, "Ranar Litinin tun sha ɗaya nake guga har ƙarfe ɗaya, Auta. Wutar nan ko ƙiftawa ba ta yi ba."

Na ce, "Anti, gida ɗari da arba'in da biyu ne. Da shi yaran nan suke ci."

Ta ce, "Na sani, ni nake dafawa. Yayanka wata goma sha huɗu ya yi yana yawo don kada a samu ƙarya ko ɗaya a takardar nan. Ɗauki bironka."

Jiya da safe na buɗe ɗakin aiki na tarar da kwalin yana cewa BIYU. Ba ni na juya shi ba.

Da rana mai sayar da akwatin sata ya zo gaisuwa, da ƙunshi a baƙar leda. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya rage murya ya ce, "A ajiye ta a bayan kanta, kafin sabuwa ta zo. Wa zai sani? Ga babban wasa ranar Asabar." Na daɗe ina kallon ledar, ba zan ɓoye ba. Na ba shi ruwa ya sha, ya tafi da kayansa. Zuwa yanzu gida goma sha tara sun zare wayarmu, tela ne ya ƙirga mini, ban tambaye shi ba.

Yau da safe na cike sabon fom. A tambaya ta uku na rubuta cewa ni na kashe ta da hannuna, saboda ban juya kwali ba. Yadda za su fahimci zancen kwali a can, ban sani ba. Anti ta karanta ta sa hannu, ta miƙo mini, ta ce, "Ka karya kuwa?" Na ce a'a. Ta tashi ta shiga kicin.

Don haka nake roƙon gafarar sitabilaiza, da ta masu wuta, waɗanda wannan karon ba su yi komai ba. Gidajen da za su iya jiranmu mako takwas ba tare da alkawari ba, mun gode. Waɗanda ba za su iya ba, babu riƙo tsakaninmu, sai dai ku saba da jin labarin ci bayan rabin minti.

Za a shirya marigayiya gobe Asabar a cikin kwalinta na asali, wanda Yaya ya adana a saman durowa tun ranar da ta zo. Dokar lasisi ta ce a mayar da gawa ga kamfani, saboda haka can bayan teku za a kai ta, inda ta fito. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin aiki, akwai benci biyu, kuma ba za a nuna wasa ba. Guntun kwalin da ke kan ƙusa ba zai bi ta ba, yana nan inda yake, juya shi kuma ya koma hannun mai shi, Anti.

Motar ɗaukar kaya za ta zo da ƙarfe goma sha biyu na rana, agogonmu. Ƙarfe biyu ke nan a can. Na tambayi Anti.