Fentin Ƙofa a Lasifikar Mota

Saura kwana biyu ɗaurin auren ƙanena, na kasa zaune na kasa tsaye. Tasina ce za ta ɗauko ango, ga lasifikarta ta koɗe. Na sayo koren fentin ƙofa a Titin Koudoukou. Malam Idi mai gyaran rediyo ya ce, "Alhaji, ragar waje kawai za ka shafa, kar ka taɓa takardar ciki." Na tuna masa shekarata goma ina tuƙi, na lafta mata shafi uku ciki da waje.

Ranar biki muna shiga Yakité na ƙure sauti. Ashe fenti ya sandarar da takardar, muryar mawaƙin ta fito kamar an shaƙe akuya. Ango ya sunkuyo ya ce, "Yaya, don Allah kashe."

Har yau in na gifta, Malam Idi sai ya ɗaga burushi: "Alhaji, yaushe za a yi shafi na huɗu?"