Matar da Na Je Ceto a Barikin Makarfi

Komai zan iya mantawa a duniya, amma ban da wata la'asar a barikin Makarfi. Ana saura 'yan shekaru Turawa su tattara su tafi, ni kuwa sabon malamin gona ne, na fito daga makarantar Midil da farar riga da alƙalami a aljihu, ina jin tsakanin Kudan da Ikara ba wanda ya kai ni wayewa.

Baturen gonar da nake bi rangadi, mutane Mai Lofe suke ce masa. Dogo ne, ba ya dariya, kuma an ce ya taɓa korar wani malami don kawai ya faɗo masa ɗaki ba izini. Tsoronsa nake ji har cikin ƙashina. Duk inda za shi, da garmaho yake tafiya da akwatin faya-fayai. In mun dawo daga duba gonakin auduga sai ya wana abinsa, ya ce in tsaya in saurara. Wannan, in ji shi, na wani tsohon Bajamushe ne mai 'ya'ya ashirin, sautin yana shiga juna kamar zaren masaƙi. Wancan na wani limamin coci ne ɗan Italiya, goge zalla. Wanda ya fi so kuwa na wani ne da ya kurmance amma bai daina tsara kiɗa ba.

"Malam, wane kana so?" Haka Hausarsa take, a karkace.

"Na kurman, ranka ya daɗe."

(Labarinsa kaɗai na iya riƙewa. A kunnena duk ɗaya suke: ba kalangu, ba waƙa, ba inda mutum zai sa ƙafa ya taka.)

Amma da na dawo cikin gari, ai sai in zauna a gindin durumin mahauta in baje koli. Na ce musu kiɗan Turawa kaf a kaina yake, da na ji somin faifai zan faɗi mai shi da ƙasarsu. Mai unguwa Tanko, tsoho mai sauƙin kai, har cewa ya yi, "Ilimi ke nan, Malam. Mu dai sai rake."

Ranar da abin ya faru, an aiko da saƙo daga Zariya da safe, na kai wa Bature ƙunshin ban san me ke ciki ba. Bayan la'asar na koma da rahoton gonakin Gazara. Barikin a bayan gari yake, daf da fadamar rake, shiru kamar maƙabarta, kukunsa ma ya tafi kasuwa. Ina isa bakin shinge na ji ƙarar mace.

Ban taɓa jin irinta ba. Ta yi sama, ta ƙara sama, ta tsaya tana rawa kamar an shaƙe ta, sannan muryar namiji mai kauri ta danne ta. Na san babu mace a barikin. Zuciyata ta ba ni abu biyu: ko aljanar fadama ce ta kama Bature, ko Bature ne ya kama 'yar mutane. Kowanne ne, ni ne na gani, kuma ni Alƙali zai tambaya. Kiɗa bai ko faɗo mini a rai ba, don duk faifan da na sani ba mai murya. (Akwai goge a ƙasan ihun, na yarda. Tsoro ya toshe wannan kunnen.)

Na yar da rahoto, na yar da takalmi ɗaya, sai ƙofar gidan mai unguwa.

"Baba, ana yanka mace a bariki."

"Malam, ka gani da idonka?"

"Na ji da kunnena, Baba. Ta kusa cikawa."

Tsohon ya san abin da shiga gidan Bature da sanda zai jawo masa: rawaninsa, watakila har gidan yari. Duk da haka ya ce, "Rai ya fi rawani," ya ɗauki gorarsa. Mahauta biyu suka biyo mu da wuƙaƙensu, da wani Bafillatani da ya kawo shanu. Ni ina can baya, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Mai unguwa ya banke ƙofa.

Mai Lofe na zaune da singileti, ƙafafunsa cikin kwanon ruwan ɗumi, idonsa a rufe, yana kaɗa lofensa a iska. Hawaye na bin kumatunsa. Matar kuwa tana ta ihunta daga bakin garmaho, a kan tebur, kusa da ƙunshin Zariya a kwance: ashe sabon faifai ne.

Ya buɗe ido ya ga wuƙaƙe. Mu muka ga hawaye. Ban san wanda ya fi wani firgita ba. Mai unguwa ya saki gora ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, Malam ne ya ce ana kashe mace."

Yatsu huɗu suka nuna ni. Na tsaya da takalmi ɗaya, ina lissafa yadda zan gaya wa mahaifina an kore ni.

Bature ya share fuska, ya daɗe yana kallona. "Malam ya faɗa gaskiya," ya ce. "Mace tana mutu. Amma cikin faifai. Kullum tana mutu, in na wana."

Bai kore ni ba. Abin da ya yi ya fi kora ciwo. Ya sa aka shimfiɗa tabarma kowa ya zauna, ya ce tun da Malam masanin kiɗa ne, in wana garmahon daga farko in riƙa yi musu bayani. Na wana, na buɗe baki ba abin da ya fito. Da faifan ya ƙare, mai unguwa ya numfasa ya ce, "Allah sarki, ta sha wuya baiwar Allah." A hanyar komawa, da muka zo rabuwa, ya ce mini, "Malam, gobe in ta sake mutuwa, ka bar ta."

Shekara uku na yi a Makarfi, ba wanda ya ƙara kirana da sunana, sai Malam Mai Ceto. Tun daga nan na koyi faɗin "ban sani ba", don na ga kunyarta ta minti ɗaya ce, kuma ba a taɓa tara wa mutum gayya a kanta ba.