Aiken Nomau Gidan Motsa Jiki

A ƙauyenmu na Tsaunin Gawo akwai wani mutum wai shi Nomau. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma mugu ba. Abu guda ne matsalarsa: maganar da aka faɗa masa, iyakarta ke nan, ba ya ƙara mata ko ƙwayar gero, ba ya kuma ragewa. An taɓa ce masa ya tsare shanyar gero kada akuya ta ci, ya riƙe akuyar gam tun hantsi har azahar, kaji suka cinye geron yana kallo. Su uku ne a gidan, shi da matarsa Hansai da yayarsa Tasalla, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Hansai ce ta iya da shi, ko da yake haƙurin nata mai surutu ne. Tun da sassafe za ka jiyo muryarta ta kan katanga tana jera masa aiki dalla-dalla, kamar mai koya wa yaro alwala.

Sun daɗe da aure ba haihuwa. Da suka je asibitin cikin gari, likita ta ce jinin Hansai ya hau, jikinta kuma ya yi nauyi, sai ta riƙa motsa shi. A bayan kasuwar garin akwai gidan motsa jiki na mata zalla, na wata tsohuwar malamar makaranta, Malama Larai. Hansai ta sayar da ragonta ta biya kuɗin shekara, ta riƙa bin motar kasuwa tana zuwa. Mutanen ƙauye suka yi ta dariya, wai ga turmi ga rijiya a gida, an tafi birni sayen wahala. Cikin ikon Allah ba a jima ba ta samu ciki. Cikin ya yi ƙwari, har ya fara motsi, sai ya zube.

Abin da ya biyo baya shi ne ke gajiyar da ni in na tuna. A wajenmu ba a zaman makoki don ɓari, ba a zuwa gaisuwa, ba a ma ambatonsa. Tasalla ta riƙa ce wa mai tambaya zazzaɓi ne. Hansai kuwa ta kwanta ta juya fuska bango. Ba ta kuka, ba ta magana, in an kai mata kunu ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Unguwa ta yi tsit da safe. Tsoron Tasalla shi ne kada matar nan ta ƙare a kan shimfiɗar nan.

Wata rana Tasalla ta kira ƙanenta. Ta ce, “Ɗauki kekenka ka je gidan motsa jikin nan, ka ce su dubi Allah su ba mu ragowar kuɗin Hansai, mu saya mata hanta da maganin ƙarin jini. Amma kada ka kuskura ka faɗa musu abin da ya faru. Ka ji ni?” Ya ce ya ji. Da ya isa, maigadi ya tsayar da shi a ƙofa, Malama Larai ta fito ta same shi.

“Me ya samu Hansai? Mun daina ganinta.”

“An hana ni faɗa.”

“Ba ta da lafiya ne?”

“Wannan ma yana cikin abin da aka hana ni.”

“To wa ya hana ka?”

Nomau ya tsaya ya yi tunani, ya ce, “Wannan ba a hana ni ba. Yaya Tasalla ce.”

Malama ta ƙare masa kallo daga hula har silifa. Ta sha ganin mazan da ke hana mata fita, sannan su zo karɓe musu kuɗi. Ta ce wa maigadi ya raka shi bakin titi.

Wata rana Tasalla ta sake tura shi. Ta ce, “Yau dai kada ka dawo mini hannu rabbana, Nomau. Don girman Allah.” Ya je, aka ce Malama ta tafi biki. Ya zauna har rana ta take, yana ta zulumin yadda zai koma. Da maigadi ya zagaya, sai ya hangi wani dunƙulen ƙarfe da aka tokare ƙyaure da shi, irin wanda matan ke ɗagawa. Ya ɗaura shi a bayan keke ya kamo hanya. Nauyin ya lanƙwasa masa wilin keken, ya ƙarasa gida a ƙafa yana turi, gumi sharkaf. Ya dire ƙarfen gaban yayarsa ya ce, “Ga shi, Yaya.” Tasalla ta ɗora hannu a ka. Washegari ita da kanta ta mayar da ƙarfen a motar kasuwa, ta haɗa wa maigadi da zakara don kada magana ta kai ga ’yan sanda. Aka je neman kuɗin hanta, aka yi asarar zakara da wili.

Wata rana, bayan ƙura ta lafa, ta ce masa, “Koma. Ka durƙusa ka ba su haƙuri, duk abin da suka ce a yi, ka yi.” Malama Larai ta karɓi haƙurin a tsaitsaye. Ta ce tsarinsu ba a mayar da kuɗi haka kawai ba dalili, amma in Hansai ba za ta samu zuwa ba, wani daga gidan na iya cinye mata sauran watannin. Nomau ya yi godiya har ƙasa. A hanya ya lissafa mutanen gidan. Hansai na kwance, Yaya Tasalla na fama da gwiwa, saura shi. Da safe sai ga shi ya tuɓe riga, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya faɗa ɗakin motsa jikin da sallamarsa. Mata na tsakiyar tsalle, ba mayafi ba kallabi. Ihun da aka yi har ’yan kasuwa sun ji. Wata ta jefe shi da gorar ruwa, wata ta ɓuya bayan labule tana salati, maigadi ya fito da shi ta ƙeya. Ya dawo gida da kumburarren goshi yana cewa, “Ni fa abin da suka ce na yi.”

Wata rana mai kemis na ƙauyenmu ya ce masa, “Matarka fa ba magani kaɗai take so ba. Zaman ɗakin nan ba zai yi ba, sai tana shan iska.” Nomau ya dawo ya roƙi Hansai ta fito, ko motsi ba ta yi ba. Sai ya ɗauko guduma ya cire ƙyauren ɗakin, ya ɓalle tagar, ya jingine su a tsakar gida. Iska ta shiga, kaji ma suka bi ta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran faɗa, don ya san ya yi abin faɗa. A da, kan ƙaramin abu ma sai ta yi masa wankin babban bargo. Ya jira, ya jira. Hansai ta ja zane ta rufe kanta. Wannan karon ban yi dariya ba, ba kuma wanda ya yi. Na hango shi ta kan katanga ya tsuguna da gudumar a hannu, hawaye na bin gemunsa, bai ma san suna zuba ba.

Wata rana da safe ya zo ya tsaya kan yayarsa tana tankaɗe. Ya ce, “Yaya, yau me zan ce musu?” Tasalla ta gaji. Ta gaji da jinya, ta gaji da ƙaryar zazzaɓi, ta gaji da shi. Ta yar da rariya ta ce, “Ni ka ƙyale ni! Je ka gaya musu komai. Ka tara su ka yi shela in ka ga dama, kada ka rage ko ɗaya!” Ta ci gaba da tankaɗenta, a zatonta ta sallame shi ke nan. Nomau ya sa hula, ya ja kekensa da aka sake wa wili, ya fita.

Ya isa daidai lokacin da mata ke fitowa. Maigadi ya zaburo da sanda, Nomau ya haye bencinsa ya ɗaga murya kamar sanƙira.

“Jama’a, an ce in gaya muku komai! Hansai ba zazzaɓi take ba, ɓari ta yi. Namiji ne. Yana da hannu, yana da ƙafa, har ’yan yatsu. Yaya ta naɗe shi a farin ƙyalle ta ce in je in binne, na binne. Ba wanda ya zo mana gaisuwa. Hansai ta saƙa masa hula, tana ƙarƙashin matashinta. Ba ta ci, ba ta magana. Na cire ƙyaure ma ba ta yi mini faɗa ba. Kuma ni na ɗauki ƙarfenku. Kuma muna son ragowar kuɗin, za mu sayi hanta. Shi ke nan, ban rage ko ɗaya ba.”

Ya sauko. Maigadi ya sauke sandarsa. Matan nan suka yi cirko-cirko, ba mai kallon ’yar’uwarta. Malama Larai ta juya ta ce wa maigadi, “Rufe wurin. Samo mana mota.”

Da la’asar Tasalla na wanke-wanke sai ta ji mota ta tsaya a ƙofa. Mata suka yi ta shigowa, wata da kwanon farfesu, wata da ƙullin dabino, Nomau na biye da kekensa. Da ta fahimci abin da ya yi, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tare su tana cewa, “Ai ɗan zazzaɓi ne, da sauƙi ma.” Malama ta kama hannunta ta damƙa mata ragowar kuɗin Hansai a ƙulle, ta ce, “Yaya, bar shi haka. Gaisuwa muka zo.” Suka shige ɗakin.

Daga inda nake a jikin katanga ina jin komai. Malama ta zauna a bakin shimfiɗa ta ce, “Hansai, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne. Ni ma na yi, tun ina amarya. Ba wanda ya ce mini sannu, sai cewa aka yi in tashi in ɗora tukunya.” Wata ta ce nata ya kai wata bakwai. Wata, wadda ta jefe Nomau da gora, ta ce ita ko mijinta ba ta taɓa gaya wa ba. Can sai Tasalla, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce a hankali, “Ni ma.” Ta zame ta zauna a ƙasa. A nan ne muka ji wani irin kuka ya fashe, kukan da ya daɗe a danne. Na Hansai ne. Ba wadda ta ce ta yi shiru.

Nomau na tsugune a tsakar gida, ya tabbata ya sake yin ɓarna, tunda ga shi ya tara mata suna kuka. Sai ya ji an kira sunansa da wata dusasshiyar murya. Ya miƙe zumbur. Hansai ce tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango, ta rame har zane na neman zamewa.

“Nomau, a ina ka sa shi?”

“Gindin zogale, bayan rumbu.”

“Me ya sa ba ka gaya mini ba?”

“Ba ki tambaye ni ba.”

Ta gyaɗa kai. Ta ɗaga ƙafa za ta taka, jiri ya kwashe ta. Ta ce, “Riƙe ni.”

Ya riƙe ta. Suka tafi a hankali har gindin zogalen, suka daɗe a can, suka dawo. Baƙi suka yi sallama suka tafi, Tasalla ta ɗumama farfesu ta kawo, Hansai ta zauna a tabarma ta fara ci da hannu ɗaya. Ɗayan hannun yana wajen Nomau. Ba ta ce ya saki ba, shi kuwa bai saki ba.